Tagar Gwaggo Hajjo

"Kar ki aje shi inda hayaƙi ke zuwa," in ji Mushe Rayyanu, wato Malam Rayyanu a bakin masu Faransanci. Yana tsaye a tsakar gidana rungume da kejin akunsa kamar mai jego da jinjiri. "Kuma ba cikin rana ba. Bon, ba wuri mai sanyi ƙwarai ba kuma. Ina za ki rataye shi?"

Na nuna masa reshen dogon-yaron da ke bayan ɗakinmu. Ya je ya jijjiga reshen, ya dubi murhuna, ya dubi inda iska ke kaɗawa, sannan ya yarda. Ni dai ƙosai nake toyawa kowace safiya a ƙofar gida, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba wanda hayaƙina ya taɓa kashewa. Amma na bi shi da to, don maƙwabci ne, kuma ma'aikacin biro ne, wato ofishin gwamnati, da ake gaisarwa da hannu biyu a unguwarmu ta Tasawa.

Akun ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya. Toka-toka ne mai jan wutsiya, sunansa Kumandan. Wani direba ya kawo wa Rayyanu shi daga kudu, tun daga ranar kuwa ba baƙon da zai shiga gidan ya fita ba a gabatar da shi gaban tsuntsun ba.

Rayyanu ya ci gaba da karanto mini doka. Gujiya ɓararriya, ba gishiri. Jan barkono biyu da hantsi. Ruwan leda zai sha, ba na rijiya ba, kuma a sake masa sau biyu a yini. Kar a ba shi goro ko da ya roƙa, don yana roƙo. Da magariba a lulluɓe kejin da wannan zanen, ba da wani ba. Ya sa na maimaita masa duka kamar ɗiyar lekol a gaban malaminta.

Gara ce ta kore su daga gida. Tun farkon damina ta kama ginin nasu, ta ci azarar salon da suke karɓar baƙi, ta ci ƙafar kujeru, ta shiga mangazar ajiyar kaya da ke baya ta cinye rabin takardunsa. Ranar da ya buɗe akwati ya tarar da takardar shaidar karatunsa ta koma laka, har gidanmu muka jiyo salatinsa. Sai ya kira Ɗan Malam mai sayar da maganin gona a kasuwa. Ɗan Malam ya fesa wa salon da ɗakunan kwana magani da pompa. Mangazar kuwa, da yake nan ne uwar garar, ya zuba mata ƙwayoyin nan masu launin toka da ake jefawa cikin buhun wake, ya rufe ƙofar, ya liƙe ta da leda da laka. Ya ce kwana uku kar kowa ya buɗe, tsuntsu kuma a kai shi nesa har kwana bakwai. Shi ne Rayyanu da matarsa Ilham suka shirya tafiya Maraɗi wurin iyayenta, Kumandan ya sauka gidana.

Sai da ya kai bakin zaure, makullin mota a hannu, ya waiwayo.

"Af, na manta. Gwaggo tana nan. Ki leƙa ta da rana da ɗan abin da kunka dahwa. Ba ta cin abin kirki, kwano ɗaya ya ishe ta."

"Ba da ita za ku tahi ba?"

"Mota na sa ta amai. Kuma ɗakinta ba a sa magani ba."

Na buɗe baki zan ce a kawo ta gidana, sai na tuna ɗakinmu biyu ne, da tabarmar da za a riƙa shanyawa kowace safiya saboda fitsarin tsufa. Na rufe bakina. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu.

Gwaggo Hajjo yayar mahaifin Rayyanu ce, Bafillatana daga wajen Isawan. Ita ta goya shi bayan uwarsa ta rasu, ita ta riƙa sayar da shanunta ɗaya bayan ɗaya yana karatu, sauran kuma fari ya kwashe. Da ya sami aiki ya je ya ɗauko ta, gari duka aka yi ta yabonsa, ana cewa ga ɗan halak. Ya ba ta ɗan ɗakin da ke jingine da mangaza, bango ɗaya ya raba su. Duk dabbar da ta rage wa matar da ta taɓa kora garke ita ce kaza guda wake-wake, wadda take kwana a gindin ƙofarta.

Motarsu ba ta gama fita lungu ba Kumandan ya gyara tsayuwa a kan sandarsa, ya buɗe baki da muryar Ilham sak, har da ɗan hancin nan nata.

"Gwaggo, shiga ɗaki, ga baƙi."

Na yi dariya har na dafa bango. Maigidana Alkasim, da ke ɗaura wa jakinsa amalanke, bai yi dariya ba. Ya ce tsuntsu ba ya ƙirƙira, abin da ya ji kullum shi yake faɗi.

Da azahar na dama fura na kai mata. Na same ta zaune a kan gadon kara, ƙafafunta sirara a miƙe, tana tsince wa kazarta tsaki a faifai. Ɗakin ba komai sai gadon, da ƙwarya uku a jere, da sandarta ta kiwo, da wata ƴar taga mai marfin kwano a buɗe, tana kallon lungu. A jikin bangon da ke bayan gadon na ga jijiyoyin laka sun sauko tun daga sama har ƙasa.

"Gwaggo, ai garar ta iso ɗakinki ke ma."

"Ta daɗe, ɗiyata. Mi za ta ci nan? Ni kaɗai ce, kuma na yi tauri."

Ta karɓi furar ta kurɓa sau biyu, ta ce ta Hausawa ce, ruwa ya fi nono yawa, amma Allah ya yi albarka. Na ce ai Fulani ne suka hana mu nonon. Muka yi ƴar tsokanarmu kamar yadda muka saba. Akwai wani ɗan wari-wari a ɗakin, kamar tafarnuwa da ta ruɓe. Na ce mata ko ta zo gidana ta yini.

"In bar gidan ɗana ba kowa? A ce mi? Tahi abinki. Wancan tsuntsun ya ci?"

"Ya ci, Gwaggo. Ya hi ni ci."

"To ki kula da shi. Ran da na ba shi ɗan goro, kwana biyu Rayyanu bai gaishe ni ba."

Ta faɗi haka ba da fushi ba, tana ta tsintar tsakinta.

Da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar kwanoni. Abin da na fara yi shi ne na ruga na ciro kejin na shigar da shi ɗakinmu, na ɗora a kan gadona, na lulluɓe da zanen da aka ce. Sai da na tabbata ko ɗigo bai taɓa shi ba sannan na tuna da tsohuwa. Na yafa buhu a ka na tsallaka. Ruwa na feshi ta tagar har kan gadonta, ita kuwa ta takure a kusurwa tana rawar sanyi, ta ce kanta ke ɗan sarawa.

Na ja marfin tagar na sa sakata. Iska na shigowa ta gefe, sai na yage wani tsumma na cusa a duk inda na ga haske. Na lulluɓe ta da bargo, na ce sanyin damina ne, da safe zan kawo mata kunu mai zafi. Da zan fita na jawo mata ƙyauren ya rufu ruf. Kazar na bari a waje ƙarƙashin rumfa, don kar ta yi mata kashi a ɗaki. Na koma gida ina jin daɗin kaina, ina cewa da ba don ni ba da tsohuwar nan ta kwana a jiƙe.

Washegari Juma'a ce, ranar ciniki. Na sake wa Kumandan ruwa, na ba shi gujiyarsa, na toya ƙosai har hantsi ya ɗaga. Sannan na zuba kunu a kwano na tafi.

Kazar na tsaye a bakin ƙofar tana ta kai da komo. Na yi sallama sau uku, na tura ƙyauren. Warin ya buge ni har sai da na ja da baya, idona ya kawo ruwa. Gwaggo na kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, hannunta ɗaya a miƙe, ta yi amai har ya bushe a jikin zanenta. A gindin bangon nan mai jijiyoyin laka kyankyasai ne birjik a kife, da tsaka biyu, da ɓera guda ya sandare.

Ban san lokacin da na yar da kwanon ba. Na kama ta ta hammata na jawo ta tsakar gida. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Jikinta sanyi ƙalau, leɓɓanta sun yi baƙi, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar. Na ƙwala wa maigidana kira ta kan katanga. Ya zo, ya toshe hanci da hularsa ya shiga ɗakin, ya dangwala yatsa a bangon. Yatsan ya shige har gindi. Gara ta rarake bangon ta ciki, saura ɓawo kawai, duk abin da aka zuba a mangaza ta nan ya biyo.

Muka shimfiɗa tabarma a amalanke muka ɗora ta, na ɗora kanta a cinyata. Lungunmu ya cika da ruwan jiya, jaki na tafiya yana tsayawa, Alkasim na dukansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Wajen kwanar masu walda ta buɗe ido.

"Ruwa," ta ce.

Ba mu ɗauko ba. Ruwan leda na nan jibge a ɗakina, na tsuntsu, ni kuwa na fito hannu sake. Na ce mata yanzu za mu kai, ta yi haƙuri.

"Na yi ta kira," ta ce. "Ƙohwar ta yi mani nisa." Ta lumshe ido, na zaci ta koma suma. Can ta sake motsa baki. "Kar ki gaya ma Rayyanu na ɓata ɗaki."

A likita, wato asibiti, majo mai duba marasa lafiya ya sunkuya ya shinshina bakinta, ya ɗago ya dube ni. Ya tambaya ko maganin buhun wake ta sha. Na ce ba ta sha ba, shaƙa ta yi, na ba shi labari. Ya girgiza kai, ya sa mata ƙarin ruwa, ya ce wannan abin ba shi da makari, sai dai a jira ikon Allah.

Na karɓi salular maigidana na kira Rayyanu. Ya yi salati da ƙarfi, ya ce ga su nan tafe yanzu yanzu. Na ji yana gaya wa Ilham. Sai ya dawo kan layi, ya rage murya.

"Kadijatu, shi Kumandan hwa? Ba ku dai shiga da shi gidan ba?"

Na ce yana kan gadona. Ya ce alhamdu lillahi.

Ana kiran sallar Juma'a ta cika. Ba ta sake magana ba, sai hannuna da ta riƙe, har sai da majo ya zo ya ɓamɓare yatsun. Ni da wata tsohuwar unguwa muka yi mata wanka. Mun sa sabulu, mun sa turare, warin tafarnuwar nan bai bar gashinta ba.

Rayyanu ya iso kafin la'asar, ya yi kuka mai kyau. Mazan da suka je maƙabarta sun ce sai da aka riƙe shi a bakin kabari. A zaman makoki, da yake ba a shiga gidan, an shimfiɗa tabarmi a lungu, Ilham na karɓar gaisuwa da jajayen idanu.

"Ai Gwaggo ta tsuhwa," take cewa duk wadda ta zauna. "Kwana ne ya ƙare. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu."

Mata na cewa haka ne, Allah ya ba da lada. Ba wanda ya ambaci magani. A garinmu in an ce kwana ya ƙare, wanda ya ƙara tambaya shi ne mai jayayya da Allah. Daga cikin gidana kuwa, ana tsaka da addu'a, sai a jiyo Kumandan yana cewa Gwaggo ta shiga ɗaki ga baƙi. Mutane suka riƙa duban ƙasa. Ilham ta aiko a ce mini in lulluɓe shi.

Ranar sadakar uku da safe Ɗan Malam ya tsaya a gaban kaskona. Ya yi gaisuwa a wurin makoki, ya zo sayen ƙosai, amma ya kasa cewa na nawa. Ya rame cikin kwana uku.

"Ni abin ya tsaya mani a rai," ya ce. "Da na ƙwanƙwasa bangon na ji shina amsawa. Na tambayi Mushe wa ke kwana ɗakin can, ya ce ba kowa, tsohuwa ce. Na ce a hitar da ita. Ya ce ba inda za ta. Na ce to ko mi za a yi, kar a ruhe tagarta da ƙohwarta, dare da rana, a bar iska ta ratsa. Sau biyu na hwaɗa mashi. Ya ce zai gaya ma wadda za ta kula da ita." Ya dube ni. "Bai gaya maki ba?"

Ƙosan da ke cikin mai ya ƙone ina kallonsa. Na iya lissafa dokokin tsuntsun nan har gobe, gujiya, barkono, ruwan leda, goro, zane. Ba taga a ciki. Amma hannun da ya ja sakatar nawa ne, ni na cusa tsumman da yatsuna har inda iska ba za ta sami hanya ba. Na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. Na tsani Rayyanu a ranar, na tsani kaina fiye da shi.

Kwana bakwai suka cika, ba a zo ɗaukar Kumandan ba. Ran na takwas na ce yau kam sai na sauke wannan kaya. Na bar kejin a rataye, na tafi in gaya wa mai shi ya zo ya ɗauki abinsa.

An buɗe mangaza, an share gidan, kujeru na shan iska a tsakar gida. Na sami Rayyanu a baya, tsaye a ƙofar ɗakin Gwaggo, hannu cikin aljihu.

"Yawwa, Kadijatu. Ki ƙara mani haƙurin kwana biyu. Ɗakin ga nike so in gyara ma Kumandan, ya hi salon iska, kuma ba hayaniyar baƙi. Sai dai ina so in tabbata tukuna." Ya nuna ciki da haɓa. "In ta yi kwana biyu lahiya, wala, shi ke nan, sai a kawo shi."

Na leƙa. Kazar Gwaggo ce, an ɗaure ta a ƙafar gadon.

"Ashe ka san wannan dabara, Mushe," na ce.

"Ai dole a yi hankali. Maganin nan ba wasa ba ne."

"Ɗan Malam ya ce ya gaya maka kar a ruhe tagarta."

Bai firgita ba. Ya ciro hannu daga aljihu, ya dube ni a natse, irin kallon da na tabbata yake yi wa masu zuwa biro da takarda ba daidai ba.

"An ruhe ta ne?"

"Ruwa anka yi. Ba ka gaya mani ba."

"Ke kinka ruhe?"

Na dubi yatsuna.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. Ya girgiza kai. "To. Ki bar shi a cikinki, Kadijatu. Mutane ba su da kirki, in sunka ji za su ce ke kinka kashe ta. Ni ba zan gaya ma kowa ba, ko Ilham. Mun yahe maki. Maƙwabtaka ta hi gaban wannan."

Salularsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga mini hannu alamar yana zuwa, ya nufi zaure yana magana da Faransanci.

Na tsaya a bakin ƙofar. An kwashe bargon, an bar ƙwarya ukun a jere yadda suke. Da wani yanki na tsohon zanenta aka ɗaure kazar. An ajiye mata tsaki a faifai, da ruwa cike da kwano, kusa da ita inda ba sai ta miƙa wuya ba. Tagar a buɗe take wangalau, an tokare marfin da sandar kiwon Gwaggo don kar iska ta rufe shi. Kazar ta tsoma baki a ruwan, ta ɗaga kai sama ta haɗiye, ta sake tsomawa.